Rana da fatar jiki: masu gadin da ido ba ya gani

Damina ta sauka a ƙasar Ɗan Gulbi, cikin gundumar Dakoro, jihar Maraɗi. Gero ya tsiro, ciyawa ma ta tsiro. Tun da sassafe kowa ya saɓa hauyarsa. Maza suna noma, mata suna kai fura gona, yara suna bin awaki. Ba mai komawa gida sai azahar ta gota.

Ga wani misali. Yara biyu ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Babban baƙi ne kamar iyayensa. Ƙaramin zabiya ne. Sun wuni a gona tare, babu riga, babu malfa. Da dare babban ya ci tuwo, ya yi barcinsa. Ƙaramin kuwa bai runtsa ba. Wuyansa da kafaɗunsa sun yi ja wur. Jikinsa ya yi zafi kamar an ɗora masa garwashi. Ko zane ya taɓa shi sai ya yi kuka. Da gari ya waye, fatar ta kumbura, ta yi bororo.

Wani ya ce iska ce ta taɓa yaron. Wani ya ce kambun baka ne. Wata ta ce haka jikin zabiya yake, ba shi da magani. Duk ba haka ba ne. Rana ce ta ƙona shi. Kuma ana iya hana wannan ƙuna. In ba a hana ta ba, yau da gobe tana iya zama ciwon da ke kisa.

Wannan darasi zai bayyana abu uku: hasken da ke ƙona fata, da masu gadin da ke cikin fata, da hanyar kiyaye kai.

1. HASKEN DA IDO BA YA GANI

Kowa ya san bakan gizo. Launuka ne a jere. Ja yana gefe ɗaya. A ɗaya gefen akwai launi mai kama da shuni. Waɗannan launuka duka cikin hasken rana suke. Ɗigon ruwan sama ne ke rarraba su har ido ya gan su.

A shekarar 1801, wani masani na ƙasar Jamus mai suna Johann Ritter ya rarraba hasken rana da gilashi. Ya kawo takarda da aka shafa wa gishirin azurfa. Wannan gishiri yana yin baƙi in haske ya taɓa shi. Sai ya ga abin mamaki. Takardar ta fi yin baƙi a bayan launi na ƙarshe, wurin da ido ba ya ganin kome. Ashe akwai wani haske a wurin.

Masana suna kiransa ultirabiyole. A taƙaice suna rubuta UV. A wannan darasi za a kira shi ɓoyayyen haske.

Ɓoyayyen haske iri uku ne: A, B da C.
Irin C ba ya isowa ƙasa. Wata iska ta can sama, mai suna ozon, tana tare shi.
Irin B kaɗan ne ke isowa. Amma shi ne ya fi ƙona fata.
Irin A shi ne mafi yawa, wajen kashi 95 cikin 100 na abin da ke isowa. Yana shiga fata da zurfi.

A lura da kyau: zafi daban, ɓoyayyen haske daban. Wutar murhu tana da zafi, amma ba ta yin irin wannan ƙuna. Wutar walda kuwa tana da ɓoyayyen haske mai yawa. Shi ya sa wanda ya kalle ta ba tabarau yake kwana da ciwon ido, kamar an zuba masa rairayi.

Iska mai sanyi ba ta rage ɓoyayyen haske. Girgije marar kauri ba ya tare shi. Farin rairayi yana maido da wani sashensa zuwa fuska. Don haka mutum yana iya ƙonewa ranar da ake lumshi, bai sani ba.

A ƙasar Ɗan Gulbi rana tana tsayawa daidai tsakiyar kai sau biyu a shekara: wajen ƙarshen watan Afrilu, da wajen tsakiyar watan Agusta. Na farko lokacin sharar gona ne. Na biyu tsakiyar damina ne. Duka biyu lokacin aiki ne a fili.

Masana suna auna ƙarfin ɓoyayyen haske da lamba. Lamba 1 da 2 ba su da haɗari. Lamba 11 zuwa sama ita ce mafi tsanani. A Nijar, da tsakar rana, lambar takan kai 11 ko ta wuce a bazara da damina.

2. RUMFAR FATA

An gina jikin mutum da ƙananan ƙwayoyi, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita.

Fata hawa biyu ce. Akwai hawan sama, wanda ake taɓawa. Akwai hawan ƙasa, inda ƙananan hanyoyin jini suke, da jijiyoyin da ke jin zafi da ƙaiƙayi.

A hawan sama akwai wani baƙin abu mai suna melanin. Shi ne ke ba fata da gashi da ido launinsu. Aikinsa kamar na rumfa ne. Yana tare ɓoyayyen haske kafin ya shiga ciki ya yi ɓarna.

Baƙar fata tana da melanin mai yawa. Rumfarta mai kauri ce. Shi ya sa babban yaro ya yi barcinsa lafiya. Zabiya kuwa melanin ɗinsa kaɗan ne ƙwarai, ko babu. Kamar mai zaune ne a rumfar da ba ta da rufi.

3. MASU GADIN FATA

A hawan ƙasa na fata akwai waɗansu ƙwayoyi na musamman. Suna zaune kusa da hanyoyin jini da jijiyoyi. Akwai su kuma cikin hanci, da huhu, da hanji, wato duk ƙofofin da cuta take bi ta shiga jiki. Likitoci suna kiransu mastosit. A nan za a kira su masu gadi.

Wani likitan Jamus mai suna Paul Ehrlich shi ne ya bayyana su a shekarar 1878. Ya rina naman jiki da rini, kamar yadda marini yake rina zane. Ya duba da madubin likita. Ya ga waɗansu ƙwayoyi cike da tsaba-tsaba. Ya yi zaton abinci ne suka ci suka ƙoshi. Sai ya sa musu suna da harshen Jamus, ma'anarsa ƙwayoyin da aka yi wa kiwo, kamar ragon da aka turke don layya.

Ashe tsabar nan ba abinci ba ce. Makamai ne. A shekarar 1953 masana biyu, Riley da West, a garin Dundee na ƙasar Sikotilan, suka nuna cewa cikin tsabar akwai wani sinadari mai suna histamin.

Ga yadda masu gadi suke aiki. In sauro ya ciji mutum, ko zuma ta harbe shi, masu gadin wurin sai su buɗe jakunkunansu. Su zubar da histamin. Histamin yana yin abu uku:

Yana buɗa hanyoyin jini. Jini ya taru. Wurin ya yi ja, ya yi zafi.
Yana sa ruwa ya tsattsafo daga hanyoyin jini. Wurin ya kumbura.
Yana taɓa jijiyoyi. Mutum ya ji ƙaiƙayi.

Wannan shi ne kumburi. Alamunsa huɗu ne: ja, da zafi, da tashin wuri, da ciwo. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai. Sai dai wurin ya ƙara duhu, ya yi zafi in an taɓa.

Kumburi ba banza ba ne. Kamar gangar gayya ce. In an buga ta, jama'a su taru. Haka kumburi yake kiran fararen ƙwayoyin jini, su zo su kashe cuta, su share ɓarna, su gyara wuri. Amma in gangar ta ƙi yin shiru, jiki ne ke wahala.

4. ABIN DA KE FARUWA IN RANA TA ƘONA FATA

Ɓoyayyen haske yana shiga ƙwayoyin hawan sama. Yana ɓata rubutun gado da ke cikinsu, wato umurnin da kowace ƙwaya take bi don ta rayu ta hayayyafa. Ƙwayoyin da suka ji rauni sai su aika saƙo. Jijiyoyi ma su aika nasu. Saƙon ya iso wurin masu gadi. Su kuwa su buɗe jakunkunansu.

A shekarar 1981 likitoci a garin Boston na Amurka sun auna wannan a fatar mutane. Sun ga masu gadi sun zubar da tsabarsu. Sun ga histamin ya ninka wajen sau 4 daidai lokacin da fata ta fara ja. Kafin awa 24 ya koma yadda yake.

Ƙunar rana ba ta bayyana nan take. Ga tafiyarta:

Lokacin da ake cikin rana, ba a jin kome sai zafi da gumi.
Bayan awa 3 zuwa 5, fata ta fara ja.
Bayan awa 12 zuwa 24, ciwo ya kai matuƙa.
Bayan ƴan kwanaki, fatar ta fara saɓa.

Shi ya sa yaron ya yi wasansa da rana, amma ya kwana yana kuka. Jinkirin nan ne yake ruɗin mutane. Ba su haɗa ciwon dare da ranar gona ba, sai su ɗora laifi ga iska ko ga baki.

Ba histamin kaɗai ke cikin wannan aiki ba. Akwai waɗansu sinadarai da fata take fitarwa, su ne suke riƙe da ciwon bayan histamin ya janye. Don haka ƙwayar maganin ƙaiƙayi ita kaɗai ba ta warkar da ƙunar rana.

Akwai kuma waɗansu mutane ƙalilan da masu gadinsu suke da saurin fushi. Da rana ta taɓa su, cikin ƴan mintoci jiki ya yi rudu-rudu da ƙaiƙayi. In sun shiga inuwa, abin ya kwanta cikin awa ɗaya ko biyu. Wannan borin jini ne na rana. Shi kam maganin da ke tare histamin yana taimaka masa. Amma likita ne zai ba da shi.

5. YAU DA GOBE

Ƙuna ɗaya tana warkewa. Haɗarin yana ga maimaitawa. Yau da gobe, igiya tana yanka bakin rijiya.

Ɓarna ta farko: kowace ƙuna tana barin kuskure cikin rubutun gado na ƙwayoyin fata. Jiki yana gyara mafi yawa. Amma waɗansu suna saura. Suna taruwa. Wata rana ƙwaya ɗaya ta daina bin umurni. Ta yi ta hayayyafa ba tsayawa. Wannan shi ne ciwon daji na fata, wanda ake kira sankara ko kansa.

Ɓarna ta biyu ta fi ban mamaki. Jiki yana da sojojin da ke gane ƙwaya mai tawaye su kashe ta. Ɓoyayyen haske yana sa sojojin nan sanyin jiki. Masu gadi suna da hannu a ciki. A shekarar 1998 masana a ƙasar Ostireliya sun gwada da ɓeraye. Ɓerayen da ba su da masu gadi a fata, haske bai raunana sojojinsu ba. Da aka sa musu masu gadi, sai sojojin suka raunana. A shekarar 2008 waɗansu masana suka nuna cewa bayan haske ya bugi fatar ɓera, masu gadi suna tashi daga fata su tafi kaluluwa. Kaluluwa kuwa ita ce barikin sojojin jiki. Can suke kai saƙon a sassauta.

Me ya sa suke haka? Domin masu gadi aiki biyu gare su: hura wuta da kashe ta. A shekarar 2007 masana a Amurka sun nuna cewa ɓerayen da ba su da masu gadi sun fi samun gyambo da kumburi in haske ya daɗe yana bugunsu. Ke nan masu gadi suna hana kumburi wuce iyaka. Wannan alheri ne. Amma in kullum ana cewa a sassauta, ƙwaya mai tawaye sai ta samu hanya.

Ga ɓarna tana ƙaruwa, ga tsaro yana raguwa. Haka rana take yi wa fatar da ba ta da rumfa.

6. ZABIYA

Zabiya mutum ne kamar kowa. Hankalinsa da ƙarfinsa kamar na kowa ne. Melanin kaɗai ya rasa.

Abin gado ne. Sai uwa da uba dukansu suna ɗauke da irin, ko da su baƙaƙe ne. In haka ne, kowane ciki yana da rabo 1 cikin 4 na zuwa da zabiya. Ba laifin uwa ba ne ita kaɗai. Ba laifin kowa ba ne. Ba abin da ta ci ba ne, ba abin da ta gani ba ne. Ba a ɗaukarsa ta wurin taɓawa ko cin abinci tare.

A ƙasashen Afirka na kudu da Sahara, ana ƙiyasta mutum 1 cikin dubu 5 zuwa dubu 15 zabiya ne.

A shekarar 1975 wani likitan fata na Najeriya, Anezi Okoro, ya bayyana binciken da ya yi kan zabiya dubu ɗaya. Cikin waɗanda suka wuce shekara 20, bai samu wanda rana ba ta fara ɓata wa fata ba. Har yanzu ciwon daji na fata yana kashe zabiyoyi da yawa a Afirka tun suna da ƙuruciya. Ba zabiyanci ne ke kashe su ba. Rana ce, da rashin sani, da jinkirin zuwa likita.

Zabiyan da aka kiyaye yana tsufa kamar kowa. Mawaƙin nan na ƙasar Mali, Salif Keita, zabiya ne. An haife shi a 1949. Duniya ta san shi.

A shekarar 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 13 ga watan Yuni ta zama ranar zabiya ta duniya. An fara bikinta a 2015. A shekarar 2025 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa man kare fata daga rana cikin jerin magunguna na wajibi.

7. WAƊANSU DA YA KAMATA SU YI HATTARA

Baƙar fata tana da rumfa mai kauri. Amma akwai abubuwan da ke huda ta.

Man canza launin fata. Wannan mai yana hana jiki yin melanin. Wani irinsa kuma yana sa fata ta yi siriri. Mai shafa shi tana yaye rufin rumfarta da hannunta. Daga baya rana ta ƙona kumatu da wuya, su yi baƙi dabbare-dabbare.

Waɗansu magunguna. Doksisiklin da tetrasiklin da kotirimokzazol suna iya sa fata ta kasa jure rana. Wannan dalili ne na barin sayen ƙwayoyi wurin masu talla a kasuwa. In likita ne ya ba da su, a tambaye shi ko akwai haɗarin rana. Kada a daina shan magani sai da saninsa.

Ƙarancin abinci mai gina jiki. Wanda abincinsa masara ce ko dawa kaɗai, wata da watanni, yana iya rasa wani bitamin mai suna niyasin. Sai fatar wuya da bayan hannu da ƙafa ta yi baƙi, ta yi kaushi, ta tsattsage, daidai wuraren da rana take bugu. Zawo yakan biyo baya, da ruɗewar hankali. Likitoci suna kiran cutar pelagra. Tana da magani. Gyaɗa, wake, nono, ƙwai da nama suna hana ta.

Ido. Ɓoyayyen haske yana cikin abubuwan da ke kawo yanar ido. Wannan ya shafi kowa, baƙi da fari.

8. DABBOBI MA

Ƙasar Dakoro ƙasar kiwo ce. Makiyaya sun san tsaidau, ciyawar nan mai ƙaya da ke yaɗo a ƙasa. A Afirka ta Kudu an daɗe da sanin cewa tsaidau yana iya cutar da tumaki, musamman in ya tsiro da ruwan farko sannan fari ya sa ya yi yaushi. Yana ɓata hanta. In hanta ta kasa aiki, wani abu daga koren ciyawa sai ya taru cikin jini. Da rana ta bugi fatar da ba ta da launi, fuska da kunnuwa da leɓe su kumbura. Ido ya yi rawaya kamar na mai shawara. Dabba ta riƙa neman inuwa, tana soshe-soshe.

Farar tunkiya, irin balami, ta fi baƙa shiga wannan haɗari. In an ga haka, a ɗaure dabbar a inuwa. A canza mata wurin kiwo. A kira ma'aikacin kula da dabbobi.

9. RANA BA ABOKIYAR GĀBA BA CE

In ba rana, gero ba ya nuna. Jiki ma yana buƙatarta. Da irin B na ɓoyayyen haske fata take yin bitamin D, mai ƙarfafa ƙashi. Yaron da ya rasa shi, ƙafafunsa suna iya lanƙwashewa.

A manyan asibitoci na duniya likitoci suna warkar da waɗansu cututtukan fata da fitilar ɓoyayyen haske. Suna auna shi daidai, minti kaza, rana kaza. In an auna shi, yana kwantar da masu gadi, ƙaiƙayi ya ragu. Wani likitan ƙasar Danmak, Niels Finsen, ya samu babbar kyautar Nobel a 1903 saboda magani da haske.

Kamar gishiri ne. Kaɗan ya gyara miya, da yawa ya ɓata ta.

10. ABIN DA ZA A YI

Dokar inuwa. Mutum ya dubi inuwarsa. In ta fi shi gajarta, rana tana da haɗari. In ta fi shi tsawo, haɗarin ya ragu. Wannan ma'auni ba ya buƙatar kuɗi ko agogo.

Lokaci. Daga ƙarfe 10 na safe zuwa ƙarfe 4 na yamma, wato daga hantsi zuwa la'asar, zabiya ya zauna a inuwa. In aikin gona ya zama dole, ya yi da sassafe ko da marece.

Malfa. Kwarin Gulbin Kaba ya yi suna da goriba. Kaba ba ta da wuyar samu, masaƙa ma suna nan. A saƙa wa zabiya malfa mai faɗin baki, mai saƙa a matse, wadda take rufe fuska da kunnuwa da ƙeya. Hula ba ta isa ba. Buzaye da Fulani makiyaya sun daɗe da sanin amfanin rawani da malfa.

Tufafi. Riga mai dogon hannu, da dogon wando ko zane har idon sawu. A ɗaga yadin a dubi rana ta cikinsa. In haske yana ratsa shi sosai, bai isa ba. Yadi mai duhu ya fi fari marar kauri tarewa.

Goyo. Jaririn zabiya a rufe shi da mayafi in an goya shi. A gona a kwantar da shi ƙarƙashin itace mai duhun inuwa.

Man kare fata. In an same shi, a duba lamba 50 a jikin kwalbar. A shafa a fuska, kunnuwa, wuya, leɓe da bayan hannu. A sake shafawa bayan kowace awa 2 in ana cikin rana, da bayan gumi mai yawa. Man kaɗe da man gyaɗa suna laushin fata, amma ba su tare ɓoyayyen haske yadda ake buƙata.

Lakwal. Zabiya ba ya gani da nisa sosai, kuma haske yana damun idonsa. A sa shi a lakwal. Malam ya zaunar da shi a layin gaba, nesa da taga. Ya bar shi ya sa malfarsa. Karatu ko ɗinki ko tireda sun fi masa kiwo da noman rana.

In ƙuna ta riga ta faru, a shiga inuwa. A jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi, a ɗora. A sha ruwa da yawa. Kada a fasa bororo. Kada a shafa toka, ko ƙasa, ko kashin shanu, ko man mota.

11. YAUSHE ZA A JE LIKITA?

In bororo ya yi yawa, ko zazzaɓi ya biyo bayan ƙuna.
In jariri ne ya ƙone.
In borin jini ya zo da kumburin leɓe ko wuyar numfashi. Wannan na gaggawa ne.
In fatar zabiya ta yi wuri mai kaushi kamar bayan tsari, ba ya tafiya.
In gyambo ya wuce wata ɗaya bai warke ba, ko yana zubar da jini, ko yana girma.

A fara da gidan likita mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura asibitin Dakoro, ko Maraɗi. A Yamai akwai cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa. Wuri mai kaushi, in an gan shi da wuri, cire shi ƙaramin aiki ne. In an bar shi ya ci nama, aikin ya yi wuya, kuɗi su yi yawa. Yana da kyau likita ya duba fatar zabiya aƙalla sau ɗaya a shekara, ko da ba ya jin ciwo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

TAMBAYOYI DON AJI

1. Mene ne bambancin zafin rana da ɓoyayyen haske?
2. Wane aiki melanin yake yi a fata?
3. Waɗanne abubuwa uku histamin yake yi?
4. Me ya sa ƙunar rana take tashi da dare?
5. Mece ce dokar inuwa?
6. Akwai zabiya a garin nan ko a ƙauyukan kusa? Yana da malfa? Yana zuwa lakwal? Me ƴan aji za su iya yi masa a wannan mako?

LISSAFI

1. In mutum 1 cikin dubu 5 zabiya ne, zabiya nawa za a samu cikin mutum dubu 30?
2. Wata yarinya ta shafa man kare fata da ƙarfe 8 na safe. Tana sakewa bayan kowace awa 2. Ta shafa na ƙarshe da ƙarfe 4 na yamma. Sau nawa ta shafa ke nan?

RUBUTU

Kowane ɗan aji ya rubuta wannan a littafinsa, ya karanta wa mutanen gidansa:

Inuwa, malfa da doguwar riga suna tsare ran zabiya.
Riga-kafi ya fi magani.